Ƙarfin murɗawa da kifewa: inda suka haɗu da inda suka rabu

Duk wanda ya taɓa kokawa da notin taya da ya ƙi kwancewa ya san wannan dabarar. Ka ja sifana har jijiyoyin wuyanka su miƙe, noti ko gezau. Sai wani ya miƙo maka guntun bututun ƙarfe, ka zura a hannun sifanar, ka koma can ƙarshensa ka ɗan danna, sai ka ji ƙas, ya saki. Damtsenka bai ƙara ƙwari a cikin minti ɗayan nan ba. Abin da ya ƙaru shi ne ƙarfin murɗawa.

Haka kuma wanda ya taɓa tura firiji shi kaɗai ya san ɗaya darasin. In ka sa hannu can sama ka tura, maimakon ya matsa gaba sai ka ga ƙafafunsa na kusa da kai sun ɗaga, ya fara rinjaya zai tafi ƙasa. Wannan karkata ce, in ta wuce gona da iri kuma ta zama kifewa.

Mutane da yawa suna cakuɗa abubuwan nan biyu, wasu su ɗauke su abu ɗaya, wasu kuma su ɗauka ba abin da ya haɗa su. Duka biyun akwai kuskure. Ga wanda yake karanta waɗannan abubuwa da Turanci kuma akwai rikici na uku, domin kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen karkata da kifewa, wato "tip", ita ce dai suke kiran tukuicin da ake ba mai hidima da ita. Bari mu sallami wannan tun da wuri, don ba shi da wahala. Dacewar lafazi ce kawai. Ma'anar kifar da abu ta daɗe a Turanci, ma'anar ba da ɗan ihisani kuwa ta bayyana a rubuce wajen farkon ƙarni na 18, daga wata tsohuwar ma'ana ta miƙa wa mutum abu. Labarin da ake yawo da shi cewa harufan farko ne na wata jimla da ke nufin "don a hanzarta hidima" ƙirƙira ce ta baya-bayan nan, masana harshe ba su yarda da ita ba. Sauran harsunan Turai ma ba su da wannan ruɗanin: Faransawa da Jamusawa duka suna kiran tukuicin da sunan da ke nufin kuɗin shan wani abu. Shi tukuici batu ne na al'ada da albashi.  Babu ma'aunin kimiyya ko ɗaya a ciki. To mu ajiye shi nan.

Ƙarfin murɗawa adadi ne da ake aunawa. Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba da shi: yawan ƙarfin da aka sa, nisan wurin da aka sa shi daga inda abin ke juyawa, da kuma fuskar da aka tura. Lissafin bai wuce ninka na farko da na biyu ba, muddin turawar ta gicciye hannun sifana daidai. Ma'auninsa nuton-mita. Nuton shi ne ma'aunin ƙarfi, nuton 10 kusan nauyin kilo ɗaya ne a hannunka. Notin tayar ƙaramar mota yawanci ana ɗaure shi a wajejen nuton-mita 110 zuwa 120. In sifanarka santimita 30 ce, sai ka danna da nuton 400, kamar ka ɗora kilo 40 a ƙarshenta, kafin ka kai 120. In ka ƙara bututu ya zama mita ɗaya, kilo 12 ya wadatar. Ga sirrin bututun nan ke nan. Shi ne kuma dalilin da ya sa mutum mai kilo 70 da ya hau ƙarshen sifana mai rabin mita da ƙafa yake zuba wa noti sama da nuton-mita 340, kusan ninki uku na abin da ake buƙata, sannan ya yi mamakin yadda zaren ƙusar ya cinye ko ta tsinke.

Fuskar turawa kuwa ƙofa ce ta fi nuna ta. Ana sa mariƙin ƙofa a gefen da ya fi nisa da inda aka maƙala ta, don ƙaramin ƙarfi ya isa. Amma ko a nan ɗin, in ka tsaya a bakin ƙofar da ke buɗe ka tura kaifinta kai tsaye zuwa wajen maƙalin, ba za ta motsa ba ko da za ka kwana kana turawa. Ƙarfi yana nan, nisa yana nan, murɗawa babu, domin layin turawarka ya bi ta kan wurin juyawar.

Sanin wannan ya daɗe. Masanin lissafi Arkimidis na birnin Sirakus, wanda ya mutu a 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya rubuta ƙa'idar cewa nauyi biyu a kan sanda suna daidaita ne idan nisan kowanne daga madogara ya rama bambancin nauyinsu. Sunan da injiniyoyi ke amfani da shi yau a Turanci, "torque", sabo ne idan aka kwatanta. Daga kalmar Latin mai nufin murɗewa aka ciro shi, kuma injiniya James Thomson, yayan masanin kimiyya Lord Kelvin, shi ake danganta wa shigo da shi a 1884.

Abu guda da ya kamata a riƙe: ƙarfin murɗawa yana iya kasancewa ba tare da komai ya motsa ba. Lokacin da kake jan sifana noti ya ƙi, kana sa masa nuton-mita 80 ko 90 cif, tsatsa ce kawai take mayar maka da martani daidai da shi. A nan ne ya bambanta da makamashi ko abin da kimiyya ke kira aiki, wanda sai abu ya motsa ake samunsa, duk da cewa a takarda ma'auninsu yana kama. A nan ne kuma ya bambanta da ƙarfin doki da ake rubutawa a jikin inji. Ƙarfin doki sai an haɗa murɗawa da saurin juyawa. Injin da ke ba da nuton-mita 200 yana juyi 3000 a minti yana fitar da kimanin kilowat 63, wanda shi ma ma'aunin irin wannan ƙarfin ne. Giya ba ta ƙara wannan kilowat ɗin, musaya take yi: ta rage gudu ta ninka murɗawa. Shi ya sa mota ke tashi da giya ta ɗaya.

Kifewa kuwa ba adadi ba ce, aukuwa ce. Ba wanda zai ce maka wannan akwatin yana da kifewa kaza. Abin da za a ce shi ne ya kife ko bai kife ba. Kuma abin da ke yanke hukuncin kokawa ce tsakanin ƙarfin murɗawa guda biyu, ɗaya yana son juya abin, ɗaya yana son mayar da shi mazauninsa.

Mu koma ga firijin nan, mu sa masa lambobi. A ce kilo 80 ne, tsayinsa santimita 180, faɗin gindinsa 60, nauyinsa kuma ya rabu daidai, wato cibiyar nauyinsa tana tsakiya, santimita 90 daga ƙasa. Firiji ba shi da maƙali kamar ƙofa. Amma da zarar ka tura shi, gefen gindinsa na can nesa da kai ya zama wurin juyawa na wucin gadi. Nauyinsa, kimanin nuton 800, yana ja ƙasa daga tsakiya, santimita 30 daga wancan gefen. Ninka su: nuton-mita 240. Wannan shi ne mai tsaron gida, shi ke riƙe firijin a tsaye. In ka tura daga can ƙoli, hannun sifanarka mita 1.8 ne, saboda haka nuton 133 ya isa ya ci ƙarfin mai tsaron, kimanin nauyin kilo 13 ke nan. Yaro ma zai iya. In kuwa ka durƙusa ka tura daga rabin mita sama da ƙasa, sai ka kai nuton 480 kafin ya ɗaga, kuma a kan daɓe mai santsi tun kafin ka kai nan zai riga ya zame gaba, wanda shi ne abin da kake so tun farko. Ashe tambayar mai tura kaya kullum ita ce: wanne zai riga faruwa, zamewa ko ɗagawa?

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne yadda mai tsaron yake raunana da kansa. Da firijin ya fara karkata, cibiyar nauyinsa tana matsawa kusa da saitin gefen da yake juyawa a kai. Santimita 30 ɗin nan ta koma 20, ta koma 10. Hannunka zai ji shi yana ƙara sauƙi, kamar yana ba ka haɗin kai. Ga firijin da muka kwatanta, a wajen digiri 18 tazarar ta zama sifili, cibiyar nauyi ta tsaya daidai saman gefen. Ka sake shi kafin nan, zai dawo da ƙarfi ya zauna. Ka wuce nan da ko faɗin yatsa, nauyin da yake tsaronsa ɗazu shi ne zai koma ya ja shi ƙasa. Nauyin bai sauya ba, ɓangaren da yake murɗawa ne ya sauya. Wannan iyakar ita ce ta raba karkata da kifewa, kuma siffar abu ce take yanke ta, ba nauyinsa ba. Firiji mai kilo 200 da yake da wannan siffar zai fi wuyar ɗagawa, amma a digiri 18 ɗin nan shi ma zai tafi.

Da wannan za ka gane dalilin da ya sa hasumiyar Pisa ta Italiya ba ta faɗi ba. An fara gina ta a 1173, ta soma karkata tun ana hawa na uku saboda laushin ƙasar da ke ƙarƙashinta. Tsayinta kimanin mita 56 ne. A 1990, lokacin da aka rufe ta ga masu ziyara, karkatarta ta kai wajen digiri 5.5. Ido yana ganin abin tsoro, amma in ka saki igiya daga cibiyar nauyinta, har a lokacin a cikin da'irar gindinta za ta sauka. Haɗarin gaske shi ne ƙasar gefen kudu ta ci gaba da nutsewa, ko duwatsun wannan gefen su farfashe saboda matsi. Maganin da aka yi ma lissafin murɗawa ne tsantsa: da farko aka jibge dalma kimanin tan 600 a gefen arewa don ta ja ta baya, daga baya aka riƙa zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin wannan gefen. Da aka sake buɗe ta a ƙarshen 2001 ta dawo wajen digiri 4.

Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa bai yi wannan sa'ar ba. An yi shi dogo, siriri, an loda masa igwa 64 a hawa biyu, nauyin da aka sa a cikinsa ta ƙasa kuma bai isa ba. Kafin ya tashi an gwada shi: mutum 30 suka riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, bayan zuwa uku aka tsayar da su don jirgin yana neman kifewa a tashar. Duk da haka aka sake shi. Ranar 10 ga Agusta 1628 ya yi tafiyar kimanin mita 1,300, iska ta buga shi, ya kwanta, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban mutanen Stockholm, babban birnin ƙasar. Sai a 1961 aka ciro shi. Jirgin ruwa ba shi da gefen gindi da zai juya a kai, ruwa ne ke tura shi sama daga ɓangaren da ya fi nutsewa, amma kokawar ita ce dai wadda muka gani.

A mota abin da ke neman kifar da ita ba hannun mutum ba ne, kwana ce. In mota ta shiga kwana, tayoyi suna jan ta ta ƙasa zuwa cikin kwanar, jikinta kuma yana son miƙewa inda ya dosa. Tsayin cibiyar nauyi shi ne hannun sifanar da ke neman juya ta, rabin tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama kuma shi ne hannun mai tsaro. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka tana amfani da wannan lissafin wajen auna motoci: tazarar tayoyi a raba da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Ƙaramar mota mai tazarar mita 1.5 da cibiya a santimita 55 za ta ba da kusan 1.4. Riƙon taya a busasshiyar kwalta bai cika kai haka ba, saboda haka za ta zame kafin ta ɗaga ƙafa, sai fa in ta zame ta ci karo da gefen titi ko ta faɗa ƙasa mai laushi, wanda ke zame mata tuntuɓe. Babbar mota da aka yi wa lodi har sama, tazara mita 2, cibiya mita 2, lissafinta 0.5 ne, kuma lanƙwasar sifirin da tayoyi na ƙara rage shi. Ita tayoyinta suna riƙe da kwalta gam lokacin da za ta kwanta. Ga kuma abin da direbobi ke rainawa: ƙarfin da ke ture mota a kwana yana tafiya ne da gudu ninki kansa. Ka ninka gudu biyu, ya ninku huɗu. Tankar da ba ta cika ba ta fi kowa shan wahala, domin ruwan cikinta yana kwarara zuwa gefen waje daidai lokacin da ba a so, ya tafi da cibiyar nauyi.

Kamfanoni manya ma sun sha kunya a nan. A 1997 wata mujallar motoci ta Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class da gwajin kauce wa dabba a hanya, a karya sitiyari hagu a mayar dama cikin sauri, sai motar ta kife. Dole aka dakatar da sayar da ita, aka gyara ƙafafunta, aka sa mata na'urar da ke taka wa kowace taya burki daban don daidaita ta. Birtaniya kuwa ta daɗe da dokar cewa bas mai hawa biyu sai an ɗora ta a kan dandamali an karkatar da ita digiri 28, da kaya masu nauyin fasinjoji a hawan sama, na ƙasa kuma wayam, ba tare da ta kife ba. Wanda ya ga hoton wannan gwajin zai rantse ƙarya ne. Sirrin dai inji da ƙarafa masu nauyi duk suna can ƙasa.

Cikin ɗaki ma haka abin yake, kuma a nan ya fi ciwo. Durowar kaya mai tsayi tana tsaye lafiya muddin aljihunanta suna rufe. Yaro ya jawo biyu ko uku waje, cibiyar nauyi ta matso gaba. Ya taka na ƙasa don ya hau, nauyinsa ya faɗa gaba da ƙafafun durowar, wato ya shiga ɓangaren mai kifarwa. Kilo 15 kaɗai na iya isa. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan mutuwar wasu yara ta wannan hanyar. Maganin ɗan ƙarfe ne ko ɗamara da ake ɗaure saman durowa da bango. Ba ya buƙatar ya zama wani ƙaƙƙarfan abu, domin yana can sama, hannun sifanarsa dogo ne.

Inda abubuwan biyu suka fi haɗuwa gaba da gaba shi ne a tarakta. A duk misalan da suka gabata wani abu ne daga waje yake turawa: hannu, iska, kwana, yaro. A tarakta injinta ne da kansa. Aikin inji shi ne ya murɗa tayoyin baya, kuma a ƙaramar giya murɗawar tana ninkuwa sau da yawa. Amma duk abin da ya murɗa wani, shi ma ana murɗa shi ta ɗaya fuskar da daidai wannan ƙarfin. Muddin tayoyi suna juyawa, ba wanda ke lura. To a ce tayoyin sun kafe a taɓo sun ƙi juyawa, ko an ɗaura sarƙa a kututturen itace aka maƙala ta a jikin taraktar sama da sandar ja da aka tanada, direba ya ƙara wuta ya saki kuloci da sauri. Murɗawar tana nan, dole ta juya wani abu. Tunda tayoyi sun ƙi, sai jikin taraktar ya juya a kansu. Gaba ya ɗaga sama, ya ci gaba da ɗagawa. Masu koyar da kiyaye haɗari a gona suna ƙiyasta cewa cikin kashi uku bisa huɗu na sakan za ta iya kai iyakar da ba ta dawowa, cikin sakan ɗaya da rabi kuma ta kwanta a bayanta, direba yana ƙasa. Sau da yawa ƙafa ba ta kai kan kuloci a wannan ɗan lokacin. Shi ya sa sandar ja take can ƙasa, ƙasa da tsakiyar tayoyin baya, ake rataya tubalan ƙarfe a hancin tarakta, kuma tun 1959 Suwidin ta wajabta wa sababbin taraktoci ƙarfen kariya da ke kewaye kujerar direba.